Fim ɗin Yara Ya Mayar da Ni Tashar Zariya

Na haura shekara hamsin, gemuna ya yi furfura, amma in dare ya yi kowa ya kwanta, nakan lallaɓa in sauka ɗakin da ke ƙarƙashin gidanmu in kunna wani jirgin ƙasa da kansa bai wuce tsawon tafin hannuna ba. Na daɗe ina ɓoye wa mutanen gida wannan magana. In ƙanena ya kira daga Zariya ya ji 'yar ƙara a bayana, ya ce, "Yaya, me ke kuka haka?" sai in ce masa injin ɗumama gida ne. Ya yarda, tunda bai taɓa ɗanɗana sanyin jihar Mishigan ta Amurka ba. Bana dai asiri ya tonu, don haka gara in ba da labarin da bakina.

A Sabon Garin Zariya aka haife ni, a kwatas ɗin ma'aikatan reluwe. Baba, Allah ya jiƙansa, mai duba taragai ne. In jirgi ya tsaya, sai ya bi shi daga kai har wutsiya da wata guduma mai doguwar ƙota, yana ƙwanƙwasa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyar ƙafa takan amsa da dogon amo kamar ƙararrawa, wadda ta tsage kuwa sai ta ce kwaf, ta yi gum. Da kunnensa yake neman abincinmu. Zariya kuwa mahaɗa ce, layin da ya taso daga Kaduna a nan yake rabuwa biyu, ɗaya ya nufi Kano, ɗaya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda, saboda haka gudumar Baba ba ta hutawa. Na riski ƙarshen zamanin injuna masu cin kwal ina ɗan ƙarami. Mu yaran kwatas da karan dawa da gwangwanin madara muke ƙera namu jirgin, mu yanka tsohon silifa mu yi masa ƙafafu, mu ɗaura zare muna ja muna jiniya da baki.

Daga baya karatu ya ɗauke ni, aiki ya ƙara nesanta ni. A 2003 na zo Amurka, na samu aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti kusa da Lansin, na yi aure, aka haihu. Baba ya rasu ina nan, ban samu jana'izarsa ba, sai bayan sadakar arba'in na isa gida. Maganar jirgi kuwa ta fita daga kaina gaba ɗaya. Jiragen kaya na ratsa garin da muke, amma ni dai abin da ke haɗa ni da su shi ne tsaki, in sun tare min hanya ina saurin zuwa aiki.

A watan Disamba na 2014 ɗana na fari, yana da shekara shida, ya dawo daga makaranta da takarda. Wai ranar Juma'a ta ƙarshe kafin hutu kowane yaro ya zo da kayan barcinsa, za a ba su cakulan mai zafi, a nuna musu fim. Uwargida ta karanta ta sake karantawa, ta ce, "Malam, yau kuma wace sabuwa ce wannan? Yaro ya tafi makaranta da kayan barci kamar wanda gobara ta koro?" Abin da ya fi damun ta ba kayan ba ne, fim ɗin Kirsimeti ne, mu kuwa ba ma bikin. Muka yi ta juya maganar, daga ƙarshe na ce bari in samo fim ɗin in kalla da kaina tukuna, in na ga abin da bai dace ba sai yaro ya zauna a gida. Da niyyar mai tace fim na zauna, har da biro a hannu.

Sunan fim ɗin The Polar Express, ya fito a 2004, Robert Zemeckis ne ya ba da umarni, Tom Hanks kuma ya hau matsayi da dama a ciki, har da na kwandasta. An ɗauko shi daga wani ɗan littafin yara mai hotuna da Chris Van Allsburg, mutumin Giran Rafids ta nan jiharmu, ya wallafa a 1985. Labarin bai da wani tsawo: yaro ne ya fara shakkar tsohon nan mai jar riga da farin gemu da ake ce musu yana raba kyauta, sai cikin dare jirgin ƙasa ya tsaya a ƙofar gidansu ya ɗauke shi zuwa ƙarshen duniya ta arewa. In gaskiya za a bi, fim ɗin bai burge ni ba. Fuskokin mutanen ciki kamar an zuba su da kakin zuma, idanunsu ba rai. Jirgin kuma yana yin abin da ko a mafarki jirgi ba ya yi, ya gangara tudu kamar an jefo shi daga sama, ya yi zamiya a kan daskararren tafki ba dogo a ƙarƙashinsa. Da Baba ya gani da ya ce a kashe.

Amma akwai wurin da jirgin ya fara isowa. Ɗakin yaron ya hau rawa, haske ya ratso taga, sai ga kan jirgin ya tsaya cikin dusar ƙanƙara yana numfashi. Wannan numfashin ne ya kama ni. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin tururi ya san ba ya yin shiru ko yana tsaye, yana huci, yana tsartar da ruwa, wani abu a cikinsa yana bugawa a hankali kamar zuciyar sa. Na ajiye biron. Na mayar da wurin baya sau uku. Daga baya na gane dalilin da sautin bai yi kama da na ƙarya ba: daga injin gaske aka naɗo shi, kuma injin yana garin Owoso, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga ƙofar gidana.

Yaro ya je makaranta da kayan barcinsa, ya dawo da tikitin takarda mai ruwan zinari da malamarsu ta huda musu. Daga ranar ba shi da zance sai jirgi. "Abba, jirgi yana da sitiyari? Abba, in ba shi da sitiyari yaya yake kwana?" Na zauna na zana masa ƙafar jirgi da ɗan leɓen da ke riƙe ta a cikin dogo, na ga hannuna ya tuna abin da na zaci na manta. Ran nan ne na fara gaya masa aikin kakansa.

A nan ƙasar akwai tsohuwar al'ada ta shimfiɗa ɗan layin dogo a zagaye bishiyar Kirsimeti, jirgin wasa yana kewayawa. Kamfanin Lionel, wanda Joshua Lionel Cowen ya kafa a Niyok a 1900, shi ne sunan da kowa ya sani a wannan fage, kuma tun shekarar da fim ɗin ya fito ya soma sayar da kwafin jirgin cikinsa: baƙin kai mai lamba 1225, taragon kwal, taragan fasinja, da dogo mai zagaye kamar ƙwai. Ɗana ya gan shi a tagar wani kanti ya maƙale. Ni kuma na kafe ba zan saya a Disamba ba, don kada yaro ya ɗauka mun shiga bikin. Na bari sai tsakiyar Janairu, bayan an kwashe bishiyoyi an zubar, na je na ajiye dala ɗari uku da 'yan kai. Na ce wa uwargida ladan haddar izu ɗaya ne. Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya sa wanda ya yi haddar ya samu taɓawa."

Ba ta yi ƙarya ba. A falo muka shimfiɗa shi, ba bishiya, sai ƙafar tebur yake zagayawa. Ana ɗiga masa wani ruwa a bututu, ya riƙa fitar da farin hayaƙi. Abu na farko da ya tsaya min a rai shi ne dogon guda uku ne, akwai ɗaya a tsakiya wanda ke ɗauke da wuta. Ɗan mai duba taragai bai iya kallon dogo uku hankalinsa ya kwanta ba. Duk da haka sai in sallami yaro ya kwanta, in dawo in kashe fitilar falo, in kwanta rub da ciki a kan kafet, kumatuna a ƙasa, ina kallon fitilar kan jirgin tana tahowa.

Rashin sani ya fi dare duhu. Bayan wata biyu jirgin ya soma tsayawa yana fizga, na duba na ga dogon ya yi baƙi. Na shiga kicin na ɗauko soson ƙarfen da uwargida ke wanke tukunya da shi, na dirje dogon tas har yana ƙyalli, ina ta yaba kaina. Da na kunna, jirgin ya yi taku biyu, ya yi tartsatsi, ya mutu. Ashe ɓurɓushin soson ya zube ko'ina, maganaɗisun da ke cikin injin ya zuƙe shi, wani kuma ya kwanta tsakanin dogo da dogo ya haɗa wuta. Yaro ya fashe da kuka, uwarsa kuma tana neman sosonta.

Wannan ɓarnar ce ta kai ni ƙungiyar masu wannan sha'awa. Mai wani ɗan shago ya kwatanta min inda suke haɗuwa duk daren Talata, a ƙarƙashin wani tsohon gini. Na sauka matakala da jirgina a cikin kwali, na buɗe ƙofa, na tsaya sororo. Gari guda ne a kan tebura: duwatsu, gadoji, kogi, masana'anta, wurin jera taragai mai layi fiye da goma, jirage huɗu suna tafiya lokaci ɗaya kowanne da mai tuƙa shi. Mutanen kuwa kusan duk tsofaffin Turawa ne, yawancinsu sun yi ritaya daga masana'antun mota. Wani ya leƙa kwalina ya ga lambar 1225, ya juya ya ce wa na kusa da shi, "Ga wani ɗan Disamba." Na ji, kuma na gane ba yabo ba ne.

Sai da na daɗe a cikinsu na fahimci abin da ke bayan maganar. Kowace shekara, daga Nuwamba, watan da masu wannan harka a Amurka suka keɓe don tallata ta, ƙungiyoyi kan buɗe ƙofa ga jama'a. Iyaye su yi ta tururuwa da yaran da suka kalli fim ɗin, a yi ta tambaya ina jirgin nan yake, a sayi akwati guda, a cika takardar shiga ƙungiya. Kafin ƙanƙara ta narke yawancinsu sun ɓace, jirgin ya koma kwali sai wata shekara. Tsofaffin sun gaji da koya wa mutanen da ba za su dawo ba. Akwai kuma waɗanda su kansu 'yan ƙungiyar ke kira masu ƙirga kusoshi, mutanen da za su ɗauki tarago su ce ai wannan samfurin bai fito ba sai shekara kaza, me ya kawo shi bayan wannan injin. A wurin irin waɗannan, jirgin fim abin wasan yara ne kawai.

Ni dai ina ganin sun so kansu da yawa. Ka dubi ɗakin, kai ne ƙarami in shekararka sittin. Kowane wata ana sanar da wani ya kwanta asibiti, ko matar wani tana neman wanda zai sayi kayan marigayi. Sannan ga abu ya zo yana turo muku yara da iyayensu har ƙofa kyauta, shekara bayan shekara, ku kuma kuna yamutsa fuska don ba ta ƙofar da kuke so suka shigo ba. Su ɗin ma in ka bincika, da jirgin da ke zagaya bishiya suka fara a shekarun 1950.

Wanda ya karɓi kwalina wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin lantarki, mai rawar hannu amma in ya kama ƙarfen dalma sai hannun ya tsaya cak. Ya kwance injin a gabana, ya riƙa zaro zaren soson da ɗan hantsaki yana jerawa a kan farar takarda, bai ce min komai ba sai da ya gama. Sannan ya ce, "Abokina, ƙyalle da ɗan sinadarin goge-goge sun isa. Soso na tukunya ne." Ya ɗora shi a dogo, jirgi ya tashi. Na zaro kuɗi ya ture hannuna. Ya tambaye ni daga ina nake, na gaya masa, na ba shi labarin gudumar Baba. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya kira sauran, ya ce ku zo ku ji, mahaifin wannan da kunne yake gane tsagaggiyar ƙafa. Wanda ya kira ni ɗan Disamba shi ya fi kowa tambaya a daren.

Dattijon nan ne ya koya min ma'auni. Jirgina na fim ana kiran girmansa O, wato kashi ɗaya cikin 48 na jirgin gaske. Abin da ƙungiyar ke amfani da shi, kuma wanda ya fi yawa a duniya, shi ne HO, ɗaya cikin 87, dogo biyu kamar na gaske, tazarar milimita 16.5. Akwai N, ɗaya cikin 160, na masu ƙaramin ɗaki da kaifin ido. Ya nuna min yadda ake sa wa kowane kan jirgi 'yar na'ura mai lambarsa, ta yadda wuta ɗaya ce a dogon amma kowane jirgi umarnin mai shi kaɗai yake ji. Ya ce kusan kowa da falle ɗaya na katako yake farawa, ƙafa 4 a ƙafa 8, kuma kusan kowa daga baya yake rushe na farkon. Haka aka yi da ni.

A ƙarshen 2015 na ɗauki iyali muka tafi Owoso. Injin mai lamba 1225 na kamfanin jirgin Pere Marquette ne, an ƙera shi a garin Laima ta jihar Ohayo a 1941 don jan kaya. Da zamanin dizal ya zo aka ajiye shi, a 1957 aka kai shi harabar Jami'ar Jihar Mishigan ya zama abin kallo, har wasu ɗalibai suka ɗauki aniyar tada shi, aikin da ya ci shekaru kafin ya sake motsawa da ƙarfinsa a 1985. Lambar tasa ta dace da ranar Kirsimeti yadda Amurkawa ke rubuta kwanan wata, wata kafin rana. Duk ƙarshen shekara yana jan fasinja zuwa wani ƙauye da ake kira Ashli, yara cike da taragai cikin kayan barci. Mu ba mu samu tikiti ba, an sayar tun da wuri, sai muka tsaya a bakin wata mararraba cikin sanyin da ke tsinke kunne.

Ƙasa ce ta fara gaya mana yana zuwa. Sannan jiniya, sannan hayaƙi ya turnuƙe saman bishiyoyi, sannan shi kansa, ƙafafunsa na tuƙi guda takwas kowacce ta kusa kai tsawona, sandunan ƙarfe suna kai da komo. Yarona ya toshe kunne yana tsalle. Ni kuwa abin da ya buge ni wari ne. Hayaƙin kwal da mai mai zafi da jiƙaƙƙen ƙarfe. Warin kakin Baba ke nan in ya dawo da yamma ya rataye shi a bayan ƙofa. Shekara kusan arba'in ban shaƙe shi ba, ban ma san ina riƙe da shi ba. Uwargida ta lura, ta kama hannun yaran ta ja su gaba, ta bar ni a wurin. A mota ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ce, "Allah ya jiƙan Baba," na ce amin.

A hanyar dawowa na yanke shawarar abin da zan gina. Ba duwatsun Kolorado ba, ba garin ƙanƙara ba. Tashar Zariya.

Nan na gane na ɗauko Dala ba gammo. Tsohon layin dogon Nijeriya siriri ne, ƙafa 3 da inci 6, ba kamar na Amurka mai ƙafa 4 da inci 8 da rabi ba, wanda irinsa ne layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. In ka raba faɗin namu da 87, abin da zai ba ka milimita 12 ne da ɗan ɗori, ke nan dogon HO da ke cike da shaguna ya yi faɗi. Dattijona ya ce ba wanda zai lura. Na ce ni zan lura. Ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan, kai ma ka fara ƙirga kusoshi." Daga ƙarshe dogon milimita 12 da ake yi wa masu kwaikwayon jiragen duwatsun Suwizalan na yi oda. Kan jirgi kuwa ban samu na Nijeriya a kasuwa ba, sai na sayi ƙashin wani ƙaramin inji na gina masa jiki da fallen roba, na shafa masa kore da ratsin ruwan ɗorawa. Na farko ya fito kamar akwatin sabulu. Na uku ne ya fara kama da jirgi.

Ƙasa ma aiki ce. Duk kayan ado da ake sayarwa a nan na ƙasar Turawa ne, ciyawa shar, ƙasa baƙa ko toka-toka. Jar ƙasarmu babu. Na so in sa a ɗebo min a gida, aka ce min dokar shigo da kaya ta hana shigowa da ƙasa, sai na koma haɗa garin cike tsakanin tayil da hodar fenti har na samu launin hanyar kwatas a watan Janairu, lokacin da hazo ya kwanta a kan komai. Tsakuwar dogo da cokalin shayi ake zuba ta, a share da burushi, a ɗiga mata gam da aka tsinka da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke don ya ratsa. Na murɗa waya na yi kuka, na yi gidajen ƙasa masu zankwaye a bayan tasha, na yi tankin ruwan da injuna ke sha.

Mutane ne suka fi ba ni wahala, kuma su na fi jin daɗi. A wannan ma'auni namiji tsayayye bai wuce santimita 2 ba. Waɗanda ake sayarwa duk Turawa ne da kwat da malafa da jakar hannu. Sai in kankare malafar da reza in bar ɗan tudu ya zama hula, in yanko takardar goge hannu kamar girman farce, in huda tsakiya, in zura kan mutumin, in taɓa ta da gam mai ruwa. Tana jiƙewa sai ta saki, ta zubo daga kafaɗa ta yi ninki kamar babbar riga da aka naɗe hannunta. In ta bushe a shafa fari ko shuɗi, a ɗiga aikin wuya da bakin allura. Mata kuma zane da mayafi, da tire a ka, ƙwayar gero ta zama ƙwai, gutsuren tsintsiya ya zama rake. Akwai daren da na yi awa uku a kan mai tallan fura ɗaya, na ɗago kai na ji wuyana ya ƙage, na ce wa kaina, kai, da girmanka.

Maganar kuɗi ba zan ɓoye ta ba, don ita ce ta sa na riƙa yi wa ƙanena ƙarya. Mutum yana da 'yan'uwa da ke fama da kuɗin makaranta da na magani, ya ɗauki dala hamsin ya sayi mahaɗar dogo guda biyu. In ka juya ta zuwa naira sai ka ji kunya ta rufe ka. Uwargida ce ta kafa doka: duk abin da na kashe a ɗakin ƙasa, sai na tura kwatankwacinsa gida a kan wanda muka saba turawa. Dokar ta rage min sayayya sosai, ta kuma mayar da ni gidan jiya, don yanzu kwali da waya da tsinken sakace nake tarawa kamar yadda muke tara gwangwani a kwatas.

Wanda aka sayi jirgin dominsa fa? Yana kai shekara goma sha biyu ƙwallo da waya suka ɗauke shi. Yanzu in ya sauko sai dai ya ce, "Abba, har yanzu ba ka gama ba?" ya koma. Ƙanwarsa, wadda tana goye lokacin da muka tsaya a Owoso, ita ce ta gaje shi, kuma hannunta ya fi nawa a fenti. Jirgin fim ɗin yana nan da ransa. Duk Nuwamba ni ke ɗaukarsa in kai ƙungiya ranar buɗe ƙofa, in shimfiɗa shi a ƙasa kusa da matakala inda yara za su iya durƙusawa, in miƙa musu abin tuƙin. Dattijona ya daina saukowa saboda gwiwa, ni na karɓi teburin gyara. Abu na farko da nake gaya wa kowane uba shi ne ya nisanci soson ƙarfe.

Yarinyar nan ce ta tona ni. Da ƙaramar sallar bana muna gaisawa da Inna ta bidiyo, ƙanena yana riƙe mata waya, sai ta fizge tawa ta ruga ƙasa tana cewa, "Inna, zo ki ga garin Abba!" Kafin in cim mata ta kunna fitila ta haska komai. Na tsaya a matakala ina jiran abin da zai biyo baya.

Inna ta yi shiru. Ta ce a matso da wayar. Yarinya ta bi da ita a hankali ta gaban tasha, ta wuce masu talla, ta zo kan wani ɗan mutum da na tsayar a gefen tarago da guntun waya a hannunsa a matsayin guduma. Nan ta ce a tsaya. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai, wannan wane ne ka sa wa riga?" Na ce Baba ne. Ta ce, "Yaushe ka taɓa ganin ya je aiki da babbar riga? Kaki ne, da gajeren hannu. Kuma tankin nan ba nan yake ba, ta wancan gefen yake, wajen da muke ɗebo ruwa in famfon kwatas ya ɗauke. Wannan kukar kuma daga ina? Mangwaro ne a wurin." Ina jin ƙanena a bayanta yana dariya har da tari, yana cewa, "Yaya, ashe wannan ne injin ɗumama gidan."

Kakin bai ba ni wahala ba, dare ɗaya na kankare rigar na sake fenti. Tankin ne na kafe da gam sosai, sai da na jiƙa gindinsa da ruwan ɗumi na kwana biyu kafin ya saki, ya kuma taso da jar ƙasar wurin. Mangwaron har yanzu ina kansa, na yi uku ba wanda ya yi. Inna ta ce in na gama in nuna mata, kuma kada in manta akwai benci a ƙarƙashinsa.